Ɗan ƙudan ayaba da agogon da ke jikinmu

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani masani da na koyar da aikinsa a aji shekara da shekaru, amma da wuya ka ji an ambace shi a nan gida. Sunansa Seymour Benzer, Ba'amurke, an haife shi a 1921, ya rasu a 2007. Kimiyyar fiziks ya fara karanta, daga baya ya koma binciken ƙwayoyin gado, sannan a jami'ar Caltech da ke Kalifoniya ya duƙufa kan ɗan ƙudan nan mai jajayen idanu da ke taruwa a kan ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce kima. A wancan lokaci masana da yawa na ganin ɗabi'a ta fi ƙarfin a ce ƙwayar gado guda ce za ta juya ta. Shi kuwa ya ce a gwada a gani.

Ya harhaɗa 'yan kwalabe, ya kunna fitila a gefe ɗaya, yana ware ƙudajen da ke rugawa wajen haske daga waɗanda ba su damu ba, sai ya bar su su hayayyafa ya duba 'ya'yansu. Cikin kwana goma ko makamancin haka an samu sabon zubi. Abin da zai ci wa mai bincike da ɓera watanni, a nan makonni ne.

Inda abin ya fi burge ni shi ne aikin ɗalibinsa Ronald Konopka. A al'ada ƙudan yakan fito daga kwansonsa da sassafe, kuma harkarsa na zagayowa duk awa 24. A 1971 suka wallafa cewa sun samu iri uku da suka saɓa: na farko yininsa awa 19 ne, na biyu awa 28, na uku kuwa babu ruwansa da lokaci, dare da rana duk ɗaya. Da aka bi diddigi, matsalar dukkansu a ƙwayar gado ɗaya take, suka raɗa mata suna period. A 1984 Jeffrey Hall da Michael Rosbash a jami'ar Brandeis, da Michael Young a jami'ar Rockefeller, suka ware ƙwayar. Daga baya aka gano sinadarin da take samarwa yana taruwa da dare, idan ya yi yawa ya dakatar da ita da kansa, da rana ya narke, a sake sabon lale. Mu ma muna ɗauke da danginta, kuma a 2001 aka gano cewa canji a irin wannan ƙwaya ne ya sa barci ke kwashe 'yan wata zuriya a Amurka tun da magariba su farka cikin dare. Hall da Rosbash da Young sun karɓi kyautar Nobel a 2017. Benzer ya riga mu gidan gaskiya, Konopka ma ya rasu a 2015, ba a kuma ba mamaci wannan kyauta. Konopka ko kujerar dindindin bai samu ba a Caltech. Wannan kam yana ci mini rai.

Wani zai ce ina ruwan mai fama da kuɗin magani da barcin ƙuda? To, sauron da ke kawo zazzaɓi ma da agogonsa yake aiki, shi ya sa gidan sauro ke kare mu, don cikin dare yake farauta. Amma a Jamhuriyar Benin da Senegal masu bincike sun lura cewa bayan an raba gidajen sauro, wani nau'insa ya koma cizo da asuba har gari ya waye, lokacin da mutane sun fito alwala da ɗiban ruwa. Haka kuma ƙwayar gadon sansanar wari da aka fara nazari a jikin ƙuda, ita Leslie Vosshall da abokan aikinta suka lalata a jikin wani sauro a 2013, sai ya daina fifita warin mutum a kan na dabba.

Roƙona ga shugabannin sassan nazarin halittu na jami'o'inmu ne, da hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu. Kullum kukan shi ne babu kayan aiki, kuma gaskiya ne. Sai dai kiwon ƙudan nan kwalba yake so, da auduga, da ɗan garin masara da yis, da ɗaki mai sanyi-sanyi. A Ibadan akwai cibiyar horarwa kan wannan ƙuda da Farfesa Amos Abolaji ya kafa. A tura matasan malamai daga Zariya da Kano da Sakkwato su koyo, a saya musu madubin ƙara girma mai kyau, a kuma ba ɗakin nasu wutar sola, don zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya kashe ƙudajen cikin yini guda.

Naka,
Malamin nazarin halittu mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.