Sanarwa: darasin ranar Asabar a kan mantuwa

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da ƴan'uwa na wannan rukuni. Da fatan an wuni lafiya, ya zafi?

Karatunmu na ilimin halayyar ɗan Adam zai ci gaba ranar Asabar bayan La'asar, a ajin da muka saba a Zango. A zo da wuri don mu tashi kafin Magariba, saboda masu komawa Birni da Garin Malam.

Wannan karon a kan mantuwa za mu tsaya. Da yawanmu mun daɗe da barin lakkwal, kuma kukan ɗaya ne: kai ya tsufa, ba ya riƙewa. Za mu duba aikin Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya fitar da bincikensa a 1885. Ya yi ta haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa, ya gano cewa an fi yin mantuwa a sa'o'in farko bayan karatu, daga baya abin ya lafa. Ya kuma ga cewa maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi ta zama ɗaya amfani. A ganina masu tilawa a makarantun allo sun daɗe da sanin wannan.

Don haka kowa ya sake duba darasin da ya gabata yau da dare, ko na minti 10 ne, ya maimaita ranar Alhamis. A zo da kaye da bik. Kuɗin fotokofi dala ɗari ne, a miƙa wa ma'aji. Mai kawo misali daga gida ko unguwa, don Allah kada ya kama sunan kowa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar kafin Juma'a.

Allah ya kai mu lafiya, ya ƙara basira.

Naku,
Magatakardan rukuni