Kada a raina hifnosis wajen rage zafin ciwo

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan hifnosis, dabarar da likita ke tattara hankalin majinyaci da kalamai har zafin ciwo ya lafa. Wasu na ɗaukarsa siddabaru, alhali bincike ya yi nisa. A 2007 masana a Amurka sun wallafa gwaji kan mata 200 masu jiran tiyatar mama. Waɗanda aka yi wa hifnosis na minti 15 kacal kafin tiyatar sun farka da ƙarancin zogi da tashin zuciya, maganin sa barcin ma bai kai na sauran ba. Asibitin jami'ar Liyej a Beljiyam kuwa tun 1992 yake haɗa shi da allurar kashe zafi wajen tiyata.

Sai dai ba kowa yake kamawa ba, kuma ba ya warkar da cutar kanta. A bar wa ƙwararru shi.

Naka,
Mai karatu