Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: A Dubi Hanyar Da Yaranmu Ke Bi Zuwa Makaranta

Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Allah ya ƙara lafiya, ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ka ɗauka.

Ranka ya daɗe, ni tela ne. Shagona yana kallon layin dogon nan da ya shigo gari ta wajen Challawa, ya ratsa Sharaɗa ya nufi tasha. Kullum da safe kafin in hau keke sai na ga ayarin yara sun fito daga lunguna, masu fararen hijabai da masu gajeren wando, babba riƙe da hannun ƙarami, ƙarami riƙe da kwandon abinci. 'Ya'yana uku suna cikinsu. Duk sai sun tsallake dogo, sannan su bi bakin kwalta tafiya mai ɗan nisa kafin su kai makaranta. Saboda su na rubuto maka.

Bari in faɗa maka abin da idona ya gani a daminar da ta wuce. Takwas saura kwata jirgin kaya ya zo ya tsaya, taragunsa suka tare hanyar da yaran suke bi. Babu mai tuta a wurin, babu shinge, babu wanda zai ce musu ga lokacin da zai tashi. Yara suka taru kamar kasuwa. Can sai wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya cilla jakarsa ta ƙarƙashin tarago, ya kwanta rub da ciki ya bi ta. Ƙanwarsa ta bi bayansa. Tana tsakiya hijabinta ya maƙale a jikin ƙarfe, kuma a daidai lokacin muka ji taragun sun yi wannan ƙarar da suke yi idan kan jirgi ya ja, ƙarau, ƙarau, tun daga can gaba tana tahowa. Ni da maƙwabcina mai faci ban san yadda aka yi muka isa wurin ba. Shi ya kamo ƙafarta ya fizgo ta. Hijabin ya yage, takalmi ɗaya ya zauna a can, jirgi ya bi ta kansa.

Da ta daina kuka na ce, “'Yata, me ya kai ki?” Ta ce, “Baba, an kusa rufe ƙofa, dukan latti za a yi mana.” Autata tana tsaye a gefe tana kallo. Ranar ban iya ɗinkin komai ba, zare ma na kasa zurawa a allura.

Na daɗe ina juya amsar yarinyar nan. Ita bulala ta sani, ta sha ta. Jirgi kuwa ba ta san shi ba. Kuma ba laifinta ba ne, domin jirgin ba ya zuwa kullum yadda iyayenmu suka saba da shi. Tun 1911 dogo ya iso Kano, a 1930 aka kai shi Nguru, kuma a zamanin dalar gyaɗa kowa ya san lokacin jirgi kamar yadda ya san lokacin salla. A wancan lokacin ta bayan gari layin yake bi. Yau gari ya haɗiye shi, gidaje sun matso har bakinsa ta kowane ɓangare, jirgin kuma sai a kwana biyu ba a ji shi ba. Wannan ƙarancin zuwan nasa shi ne babban haɗarin. Mutane sun saki jiki. A kan dogo ake shanya, a kai ake baza tumatir da gwanjo, a kai samari ke zama hira. Yaro ya tashi yana ganin dogo wurin wasa ne, ran da jirgi ya ɓullo kuma sai ido ya raina fata.

Kai injiniya ne, ka fi ni sanin cewa jirgi ba shi da sitiyarin da zai kauce. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, ga nauyin taragu a baya, ko direba ya hango yaro ya danna birki, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Mun ga abin da ya faru a Ikeja ranar 9 ga Maris, 2023, da jirgi ya kwashi motar ma'aikatan gwamnatin Legas a mahaɗar titi da dogo, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Manya ne a cikin babbar mota. To ina ga yarinya 'yar aji biyu da jakarta a baya?

Na san za a ce maka dogo na gwamnatin tarayya ne. Gaskiya ne, layin na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne. Amma titin da ya gitta shi namu ne, unguwannin da suka kewaye shi namu ne, yaran kuma 'ya'yan Kano ne. Ban da haka, tun Maris na 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi damar sa hannu a harkar jiragen ƙasa. Ba na ganin akwai abin da zai hana gwamnatinka ta zauna da hukumar a yi yarjejeniya: duk inda babban titi ya gitta dogo a cikin gari a sa sandar tare hanya mai aiki, da ƙararrawa, da fitila mai amfani da hasken rana don kada a dogara da wutar da ba ta zama, a kuma ajiye mai tuta wanda ake biyansa albashi a kan lokaci. Idan hukumar ta ce ba ta da ma'aikata, jiha ta ɗauki nauyinsu. Mutum biyu a kowace mahaɗa, na safe da na yamma, ba abin da zai girgiza asusun Kano ba ne.

Amma inda na fi so ka sa ido shi ne ƙananan hanyoyin nan da ba sa cikin taswirar kowa, waɗanda ƙafa ce ta fitar da su. Yara ba ta babbar mahaɗa suke tsallakawa ba, ta inda ya fi kusa da ƙofar gidansu suke bi. Duk wanda ya bi gefen dogo da ƙafa zai gan su, ƙasa ta daddale, duwatsun layi sun baje. A bi su a ƙirga. Wadda ta fi jama'a a daidaita ta da kankare yadda ƙafar yaro ba za ta faɗa tsakanin katako da ƙarfe ba, a yi mata shinge mai lanƙwasa da zai sa mai tafiya ya tsaya ya waiga hagu da dama kafin ya hau layi, sauran kuma a toshe su. A roƙi hukumar ta daina tsayar da taragu a kan hanyar mutane tsakanin bakwai da takwas na safe da lokacin tashi daga makaranta. In ya zama dole su tsaya, a samu mutum a wurin. Su ma shugabannin makarantun da ke kusa da dogo, Ma'aikatar Ilimi ta rubuta musu cewa ranar da jirgi ya tare hanya babu dukan latti. Wannan ko kwabo ba zai ci ba.

Ga kuma sabbin layuka suna tafe, na Kano zuwa Kaduna da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021. Jiragensu za su fi wannan gudu nesa ba kusa ba. Tun ran gini ran zane. Garuruwan da za su ratsa su ma gobe unguwanni ne, kamar yadda Sharaɗa ta zama. A nema musu gadojin masu ƙafa tun 'yan kwangila ba su kwashe kayan aikinsu ba.

Idan yaro ya tsira daga dogo, sai kuma ya fuskanci kwalta, kuma a nan ne kullum ake jin jiki.

Ranka ya daɗe, kana Kwamishinan Ayyuka tsakanin 2011 da 2015 aka shimfiɗa intalok a gefen manyan titunan birnin nan, aka yi gadojin tsallaka titi. Mun gani, mun yi murna. Ina roƙonka wata rana ka sauka daga mota ka taka wannan intalok ɗin da ƙafarka. Taku goma ba za ka yi ba sai ka ci karo da teburin mai shayi. Ka kauce masa, ga kwantena. Gaba kaɗan mai shago ya fito da janareto da katifu da buhunan siminti, mai sayar da motoci ya jera hajarsa, wani ya zube yashin gini tun bara, wani ya ɗaga dakalin gidansa har bakin kwalta. Inda babu kowa kuma 'yan jari-bola sun ɗauke murfin kwalbati, rami ya buɗe baki. Da damina idan ruwa ya shafe titi, babu mai bambance kwalta da lambatu, yaro da sanda yake lalube in ya yi wayo.

To ina yaro zai bi? Dole ya sauka kwalta, ya haɗa kafaɗa da 'yan adaidaita sahu. Tun da aka hana acaɓa a 2013 su ne suka cika gari, kuma bakin titin nan da yaro yake raɓewa nan ne wurin da suke tsayawa ɗaukar fasinja, sau da yawa ba tare da sigina ba. Ga tifa, ga kurkura da lodin rodi ya zarce ta baya. Yaro ɗan shekara bakwai tsayinsa bai kai na motar da aka ajiye a gefe ba. Idan ya leƙo daga bayanta, direba ba ya ganinsa sai ya fito fili. Shi kansa bai iya auna gudun mota ba tukuna, yana ganin ta can nesa sai ya ruga. Da hunturu ga hazo. Da yamma ga 'yan Islamiyya, bayan magariba ga 'yan makarantar dare da almajirai a cikin duhu, babu wanda ke lissafa su idan ana maganar ɗalibai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara a duniya. Shawarar da take bayarwa ita ce inda mutane da motoci suke cakuɗuwa, gudu kada ya wuce kilomita 30 a awa. Mu a nan, ƙofar makaranta da babbar hanya duk gudu ɗaya ake yi. Allo kaɗai ba ya tsayar da direban Kano, kai ma ka sani. Abin da ke tsayar da shi tudun rage gudu ne da aka yi da ƙa'ida, aka shafa masa fenti, da zanen tsallakawa a kansa, da kuma mutum a tsaye. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, KAROTA, tana da ma'aikata a kusan kowane shatale-tale. A ware wasu, awa ɗaya da safe, awa ɗaya da rana, aikinsu kawai tsallakar da yara a ƙofar makarantun da ke bakin manyan tituna. Wallahi da iyaye za su riƙa ganin haka, da kallon da ake yi wa rigar nan ya sauya.

Ba na cikin masu cewa a zo da katafila a watse da masu neman abinci. Ni ma ɗan kasuwa ne, na san abin da tebur ɗaya yake ciyarwa. Mai shayin da ya tare hanya, nasa ɗan ma a kwalta yake tafiya. A ja layi da fenti: daga nan zuwa nan na masu ƙafa ne, faɗin da yara biyu za su jera. A kira masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa da limamai a gaya musu, a ba da wa'adi, wanda ya ƙetare bayan nan hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta yi aikinta, kuma ta fara da mai gidan sama da mai kamfanin motoci kafin ta zo kan mai ƙosai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba hanya haƙƙinta, ya kuma lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. Jama'ar Kano ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan idan daga mumbari suka ji shi. Murfin kwalbati kuwa a riƙa yin na kankare mai nauyi, wanda ba shi da kasuwa a wurin masu awon ƙarfe.

A watan Yunin 2024 ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. An gyara azuzuwa, an raba kayan makaranta, ban raina ba. Amma akwai iyaye a layinmu da suka hana ƙananan 'ya'yansu zuwa sai sun ƙara girma, ba don ba sa son boko ba, sai don babu mai raka su, kuɗin adaidaita kullum kuma ya fi ƙarfinsu. Uwa ba za ta saki 'yar shekara shida ta tsallake dogo da titi mai hannu biyu ita kaɗai ba. Kujerar da ka saya wa wannan yarinya tana can a aji babu kowa a kai. Don haka nake roƙon a sa hanyar makaranta a cikin dokar ta-ɓacin, a ware mata kuɗinta da sunanta a kasafi, kada ta zama ragowar aikin titi.

Birnin nan ya ga manyan ayyuka: gadar Ƙofar Nassarawa, ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga, ta Dangi, ta Hotoro, ga naka na Ɗan'agundi da Tal'udu. Duk don mai mota ya wuce da sauri aka yi su, kuma suna da amfaninsu. Abin da nake nema bai kai kuɗin ƙafar gada ɗaya ba. A fara da ƙananan hukumomi takwas na cikin birni. Kowane shugaban firamare ya san ta inda ɗalibansa ke zuwa da inda aka taɓa buge masa yaro. A tambaye su, cikin mako biyu za a samu jerin wuraren da suka fi muni, a fara da su kafin damina ta sake faɗuwa.

Tun ranar da abin nan ya faru, ni da mai faci da wani dattijo mai sayar da goro muke karɓa-karɓa, duk safiya ɗayanmu yana tsayawa a bakin layi da jan ƙyalle da na yanka daga ragowar yadi. Muna yi don Allah, amma ranar da nake da ɗinkin biki ko ɗayanmu ya kwana da zazzaɓi, wurin haka yake zama babu kowa. Idan ka samu sarari, ka zo ba tare da jiniya ba, ranar Litinin da bakwai da rabi, ka tsaya tare da mu minti ashirin. Akwai benci a ƙofar shagona.

Allah ya taimake ka, ya tsare mana zuri'a baki ɗaya.

Naka,
Wani tela, uban yara uku,
daga bakin layin dogo, Kano.