Kan ciyar da kwikwiyo: abin da ya faru da nawa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan abin da wasu za su ce bai kai a kawo shi jarida ba, wato yadda ake ciyar da kwikwiyo. Mai dariya ya yi abinsa. Wanda ya tashi ƙarfe biyun dare yana wanke zawon ɗan kare ya san abin ya wuce wasa.

An kawo mini nawa yana ɗan mako 8, an riga an yaye shi. A ganina a lokacin, kulawa ita ce in cika masa kwano in bar shi ajiye tun safe har dare, in zuba masa madarar shanu a gefe, tunda ai jariri ne. Kafin kwana uku cikinsa ya ɓaci. Idanu suka faɗa, ya daina bin ƙafata, sai kwanciya a lungu. Da na kai shi wurin likitar dabbobi, tambayarta ta farko ita ce me yake ci, ƙarfe nawa, kuma nawa ya ci jiya. Ban iya amsa biyun ƙarshe ba. Kunya ta kama ni.

Laifina biyu ne. Madarar shanu na ɗauke da wani sukari da cikin kwikwiyon da aka yaye ba ya narkar da shi sosai. Sannan na sauya masa abinci rana ɗaya daga wanda ya saba a gidan da aka haife shi, alhali ana yin sauyin ne sannu a hankali, cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabon ana rage tsohon.

Tsarin da ta ɗora ni a kai ba shi da wuya. Sau huɗu a rana har ya kai wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Ruwa mai tsabta kuwa kullum yana ajiye. Amma abin da ya fi yi mini amfani shi ne ƙa'idar minti 20: a ajiye kwano, in lokacin ya cika a ɗauke, ko ya cinye ko bai cinye ba. Ranar farko sai da zuciyata ta karye. Ya shinshina, ya juya baya, na ɗauke, ya zauna yana kallona kamar na ci amanarsa. Da rana ko sakan bai ɓata ba, ya lashe kwanon tas. Daga nan ne na gane amfanin abin. Kwikwiyo yakan nemi yin kashi jim kaɗan bayan ya ci, saboda haka in ka san lokacin cinsa, ka san lokacin fitar da shi waje, ɗakinka ya huta. Ranar da ya ƙi ci kuma, nan take za ka sani. Kwanon da ke cike yini guda ba ya gaya maka komai.

Babban yaƙin ma da mutanen gida na yi shi. Yara na miƙa masa loma a ɓoye, kuma ragowar girkinmu da wuya a rasa albasa da tafarnuwa a ciki, su kuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Cakulan guba ne gare shi, inabi kuma, ɗanye ko busasshe, na iya kashe masa ƙoda. Dafaffen ƙashi yakan tsage ya yi tsini. Na taɓa zare wani daga bakinsa da yatsa, har yau ina tuna yadda gabana ya faɗi.

Akwai masu alfahari da kwikwiyo mai ƙaton tumbi. Wani lokacin tsutsar ciki ce, wani lokacin ƙiba, kuma babu na murna a ciki. Shafa gefensa: ya kamata ka ji haƙarƙarinsa a ƙarƙashin yatsunka ba tare da ka danna da ƙarfi ba, amma kada ya zama ana ƙirga su daga nesa. Masu kwikwiyo na jinsin manyan karnuka su fi kowa kiyayewa, domin irin waɗannan karnukan kan kai wata 18 ko fiye suna girma, kuma ɗura musu abinci ko ƙarin sinadarin ƙashi don su yi saurin tasowa yana jawo musu ciwon gaɓoɓi.

Nawa yanzu watansa 9, sau biyu yake ci. Ƙarfe bakwai saura kaɗan zan iske shi zaune a bakin ƙofar kicin, kunnuwa a tsaye, ko ban duba agogo ba.

Naku,
Wani mai karatu