Zaman Lafiyar Wa Baƙonku Yake Nufi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na rediyo na daren Lahadi ya ɓata mini rai matuƙa. Baƙonku na farko ya yi ta nanata cewa tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1945 shi ya bai wa duniya zaman lafiya, mai gabatarwa kuma ba abin da yake cewa sai "haka ne, haka ne". Zaman lafiyar wa?

Kakana yana cikin sojojin da Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Ya dawo da kunne ɗaya a toshe, da lambar yabo da ya adana a gwangwanin madara har Allah ya karɓi abinsa. Da aka zauna a San Faransisko ana kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashen Afirka huɗu kacal aka gani a wurin: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Sauranmu muna hannun Turawa. Ƙasashe biyar suka riƙe ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar, kuma har gobe su ne. Tun 2005 Afirka ke neman kujeru biyu na dindindin, shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu.

Sai baƙo na biyu ya karɓe, wai Rasha da Sin ne za su share mana hawaye. To Malam, ina suke a watan Maris na 2011, da Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 da ya ba da izinin amfani da ƙarfin soja a Libiya? Ƙauracewa ƙuri'a suka yi, ba su hau kujerar na-ƙi ba. Najeriya ma, abin kunya, ta ɗaga hannu ta amince. An ce farar hula za a kare, kafin shekara ta ƙare an kashe Gaddafi a Sirte. Ƙanena yana aikin walda a Sabha da ke kudancin Libiya a lokacin. A bayan babbar mota ya iso Agadas, leɓɓansa duk sun tsage don ƙishirwa, ba shi da komai sai rigar jikinsa. Makaman da suka fantsamo daga Libiya su suka taimaka wajen rikita arewacin Mali a 2012, mu kuma har yanzu muna ɗanɗana kuɗarmu.

Awa guda cur, ba wanda ya ambaci taron Bandung da aka yi a Indonesiya a 1955, inda ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka ce ba sai an zama ɗan amshin shatan Washinton ko Mosko ba. Ashe mu ba mu taɓa yin tunanin yadda duniya za ta zauna ba?

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar baƙi. Mu masu ƙaramar rediyo sai mun manna ta a kunne kafin mu ji abin da ake faɗa.

Naku mai sauraro,
daga Katsina.