Wa Ake Yi Wa Dariya A Fim Ɗin Babylon?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu, yau kusan mako uku ke nan. A kan wani fim ne na Amurka mai suna Babylon, wanda Damien Chazelle ya ba da umarni, aka sake shi a watan Disamba na 2022. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mu da fim ɗin da ko a garinsu bai yi kasuwa ba? Ni da dalilina. Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe sandar makirfo a lokeshin, tun zamanin kaset har sidi ya zo ya wuce, kafin in dawo ina sayar da caja da murfin waya. Labarin fim ɗin kuwa na masu irin sana'armu ne, sai dai a Hollywood, daga 1926 zuwa farkon shekarun 1930, lokacin da aka bar fim marar magana aka koma mai magana.

Ƙanena ne ya zo da shi a kwamfutarsa. Mu shida muka zauna a ƙofar shago bayan sallar isha'i, ba mu san awa uku da minti tara ne ba. Tun kafin sunan fim ɗin ya fito, wanda sai an yi kusan rabin awa yake fitowa, mun rasa mutum ɗaya. Wani malamin sakandare ne da muke girmamawa. Da farko an nuna giwa ta saki kashi a kan masu tura motar da ke ɗauke da ita, sai kuma aka shiga wani gidan casu inda ba abin da ba a yi. Malam ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Wa'iyazu billahi. Wannan ai juji ne aka kunna wa fitila." Ya yi mana sai da safe.

Ba zan ƙaryata Malam ba. Akwai tsiraici, akwai shaye-shaye, akwai ƙazantar da ko kusa labarin bai buƙace ta ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya kunna shi a gaban iyalinsa ba. Ba mu kaɗai muka ji haka ba. A Amurka ma, kamfanin CinemaScore da ke tambayar mutane ra'ayinsu a ƙofar silima ranar farko ya ce makin C+ suka ba shi, wanda a wurinsu faɗuwa ce ga fim mai ɗauke da Brad Pitt da Margot Robbie. An kashe masa kusan dala miliyan 80, abin da ya dawo a duniya baki ɗaya bai wuce miliyan 60 da 'yan kai ba, a Amurkar ma wajen miliyan 15 kacal. Ga shi an sake shi mako ɗaya bayan Avatar na biyu, kamar wanda ya kasa tallan ƙosai a ƙofar gidan biki.

Ƙanena da abokinsa, 'yan jami'a, su kuma cewa suke ba a taɓa yin fim irinsa ba. Kiɗan ya tafi da su, kuma da gaskiyarsu, don Justin Hurwitz da ya tsara shi ya ci kyautar Golden Globe a kansa. Har yanzu ƙanena da wannan busar ƙahon wayarsa ke ringin. Sai telan da ke maƙwabtaka da ni, wanda tun daga farko har ƙarshe dariya yake yi har da riƙe ciki, ya ce shi dai bai ga abin zafi ba, barkwanci ne, a yi dariya a tashi. Wani direba da ke cikinmu ya yi barci tun kafin a kai rabi, da ya farka ya tambaya ko an kashe bos.

Ni ma na yi dariyar. Akwai inda ake ɗaukar fim ɗin yaƙi a daji, an kwaso marasa galihu daga titi an ba su takubba, ana ta gwabzawa har mashi ya soke wani ya mutu, masu aikin suka tsaya a kansa suka ce ai dama mashayi ne, aka ci gaba da aiki don rana za ta faɗi. Tela ya kusa faɗowa daga benci. Ni a nan na fara jin dariyar tana maƙale mini a wuya.

Inda ta tsaya gaba ɗaya shi ne wurin ɗaukar magana ta farko. Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai san yadda abin ya faro ba. A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, aka ji muryar mutum tana fitowa daga majigi, kuma kafin 1930 manyan kamfanoni sun daina yin fim marar magana. Kafin nan, a fili ɗaya ana iya ɗaukar fim uku ko huɗu gefe da gefe, darakta yana ihu, makaɗa na kiɗa, ba ruwan kowa, tunda kyamara ba ta da kunne. Da makirfo ya shigo sai komai ya zama laifi. Kyamarar kanta tana ƙara, sai aka gina mata wani akwati mai kauri aka kulle ta ciki tare da mai ɗaukar hoton, ba taga ba iska. To a Babylon an nuna wata jaruma mai suna Nellie, wadda Margot Robbie ta fito a matsayinta, za ta shigo ɗaki ta faɗi 'yan kalmomi kawai. Ta wuce inda aka yi mata alama, a sake. Ta ɗaga murya, a sake. Wani ya buɗe ƙofa, wani ya yi atishawa, mataimakin darakta ya haukace yana zagin kowa, gumi kamar an yi musu wanka saboda an kashe na'urar sanyaya ɗaki. Da ƙyar aka samu ɗauka ɗaya mai kyau, kowa ya ɓarke da murna. Aka buɗe akwatin, mai kyamara ya faɗo matacce.

Malam Edita, na san ɗakin nan. Ba a Amurka na san shi ba. Wani watan Afrilu, a wani gida da aka ara mana, mun kulle tagogi saboda ƙarar janareto, mun kashe fanka saboda ina jin ta a kunnena, ga fitilu biyu suna gasa mu. Sin ɗaya na uwa da 'yarta muka maimaita ya fi sau goma. Zakaran maƙwabta ya yi cara, ɗan acaɓa ya danna hon, mai tallan kalanzir ya ratso layin, kuma duk lokacin ni ne mai ɗaga hannu in ce ba ta yi ba, har jarumar ta daina kallon inda nake. Da muka samu mai kyau, yaron da ke riƙe fitila ya sulale ƙasa. Abin da aka fara tambaya shi ne ko ƙarar faɗuwarsa ta shiga kaset. Na ce ba ta shiga ba. Sannan aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, muka yi ta dariya, har da shi. Sallamarsa ta ranar ko kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ba za ta biya ba. Shi ya sa da tela ya ce barkwanci ne, na ce masa haka ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da nake ganin Malam ya rasa da ya tashi da wuri, kuma su ƙanena suka rasa duk da sun zauna har ƙarshe, shi ne casun nan ba shi ne labarin ba. Labarin shi ne yadda sana'a ke tauna mutum ta tofar idan na'ura ta canza. Jack Conrad, wanda Brad Pitt ya fito a matsayinsa, shi ne sarkin jarumai, amma ranar da aka ji muryarsa yana kalaman soyayya sai 'yan kallo suka fashe da dariya, shi ke nan tauraronsa ya dushe. Ba ƙagen marubuci ba ne zalla. Wani jarumin Hollywood na gaske, John Gilbert, ya ga irin wannan a 1929, ya rasu a 1936 yana da shekara 38, bayan giya ta gama da shi. Jaruma Clara Bow, wadda aka ɗebi wani abu na rayuwarta aka gina Nellie, ta bar fim a 1933 tana da shekara 28.

Mu ma mun ga namu. Daga fim ɗin Hausa na Turmin Danya a 1990 zuwa lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke cika da dilolin kaset da sidi, wa ya zaci ranar za ta zo da yaro mai kwamfuta a bakin titi zai tura maka fim biyar a waya da kuɗin da bai kai na sidi ɗaya ba? Sai ga fassarar fina-finan Indiya, sai ga fim mai dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin. Wasu sun bi zamani sun tsira, Allah Ya ƙara musu. Wasu kuwa da a da ba sa iya ratsa kasuwa saboda masoya, yau sai dai ka ga hotonsu a Facebook a gadon asibiti ana neman taimako. Waɗannan ma an san fuskarsu. Mu na bayan kyamara ko hoton da za a nemi taimakon da shi babu mai ganewa.

Wuri ɗaya ne duk majalisar ta yi tsit, har tela. Wani baƙar fata mai busa ƙaho, Sidney, an miƙa masa baƙin shuni ya shafa a fuska, wai fitila ta sa ya fi abokan kiɗansa haske, kada 'yan kallon kudancin Amurka su zaci an haɗa Bature da baƙaƙe a dandali ɗaya. Ya shafa, ya busa, ya ajiye musu aikinsu ya fita. A duk fim ɗin shi kaɗai ya fita da ƙafarsa da mutuncinsa.

Yanzu ga inda ni da mai fim ɗin muka raba hanya, kuma a nan ne muka fi tayar da jijiyar wuya da ƙanena. Akwai wata 'yar jarida da ta lallashi Jack da cewa kada ya damu, lokacinsa ya wuce amma duk ranar da wani ya kunna fim ɗinsa, ko bayan shekara ɗari, zai sake rayuwa. A ƙarshe kuma Manny, ɗan Meziko da ya faro daga ɗan aike ya zama babba a kamfani sannan ya tsere da ransa, ya dawo a 1952 yana mai shagon rediyo, ya shiga silima, aka jero masa guntayen fina-finan duniya, yana kuka yana murmushi. Ƙanena ya ce nan ne ya yi hawaye. Wato saƙon fim ɗin shi ne duk wanda aka tattake, an tattake shi ne don a gina abu mai girma.

Ni wannan lallashin bai shige ni ba. Na farko, ko alƙawarin ma ba a cika shi ba. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace ɗungurungum. Wasu gobara ta cinye, wasu sun ruɓe a gwangwani, wasu kamfanonin da kansu suka zubar don ba su ga kuɗi a cikinsu ba. Ni ma da na buɗe kwalin kasa-kasaina bara, danshi da gara sun riga ni. Na biyu, ko da fim ɗin ya rayu, sunan wa ke kai? Mai kyamarar da ya mutu a akwati ba ya cikin waɗanda za su sake rayuwa. Mutum ya yi awa uku yana nuna maka yadda aka yanka raƙumi, sannan a minti goman ƙarshe ya ce ka duba kyan jakar da aka ɗinka da fatarsa. Manny mai shagon rediyo ne, ni mai shagon caja, kuma wallahi da ni aka zaunar a kujerar nan ba murmushi zan yi ba.

Ƙanena ya ce ɗacin raina ne ke magana, ba fim ɗin ba. Wataƙila. Na dai ce masa ya bari sai ya yi shekara goma hannunsa a sama yana riƙe da sanda, sannan mu sake zama.

Shi kuwa Malam, shekaranjiya ya zo sayen caja, na roƙe shi ya ba ni minti goma. Na tsallake masa duk ƙazantar, na kunna masa wurin ɗaukar maganar nan kaɗai. Ya kalla bai ce uffan ba har aka buɗe akwatin. Sai ya ce, "Inna lillahi. To iyalinsa fa, an ba su wani abu?" Na ce fim ɗin bai sake waiwayar su ba. Ya ce har yanzu yana nan a kan bakansa cewa juji ne, amma in sake mayar masa baya ya gani.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shafinku na nishaɗi kullum jarumai da mawaƙa ne. Ku tura wakilinku ya nemo masu fitila da masu sauti da masu kwalliya na zamanin kaset, ya tambaye su inda suke yanzu da abin da suke ci. Ba su da wuyar samu. Yaron da na ba ku labarinsa yana nan yana tuƙa adaidaita sahu, ya kan tsaya mu gaisa idan ya biyo ta layinmu.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon mai ɗaukar sauti,
Fagge, Kano.