Takardar Koke Zuwa Ga Sarkin Hausawan Agege Kan Kafa Majalisar Shawara Ta Samari Da 'Yan Mata

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege,
Agege, Jihar Legas.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne, iyaye da malaman Islamiyya da iyayengijin masu koyon sana'a, tare da wasu daga cikin jikokinka 'yan shekara 13 zuwa 19. Mun zo da kuka ɗaya: a samar wa yaran nan wurin zama inda ake yanke shawarar unguwa, a fada da kuma ƙaramar hukuma.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin yadda taro ke gudana a garin nan. In jami'ai suka zo da sanarwa cikin Yarbanci ko Turanci, dattijo kan waiga ya ce a kira masa yaro. Sai a jawo ɗan shekara 16 da ya gama jera kujeru, ya tsaya ya fassara maganar kwata da shara da harajin kasuwa tiryan-tiryan, Hausa a baki, Yarbanci a baki, ga Turancin buroka. Da an zo wurin "to me kuka gani?" sai a ce ya koma waje, manya za su yi magana. Wani ɗalibinmu ya faɗa wa malaminsa bayan irin wannan taro cewa kwatar da aka yi awa biyu ana gardama a kanta ba a bakin titi ta toshe ba, can bayan wani shago ne inda aka zuba ɓaraguzan gini. Shi ya sani domin ta nan yake tsallakawa kullum da safe, takalmi a hannu, wando a naɗe. Ba wanda ya tambaye shi. Damina ta sake zuwa, ruwa ya sake shiga ɗakuna.

Ba mu musun cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma Agegen da kakanni suka zauna saboda goro da shanu da layin dogo ta sauya. An buɗe gadar Pen Cinema a 2021, jirgin ƙasa na Red Line ya fara tsayawa a nan a 2024. Wanda ya san inda 'yan makaranta ke ratsa dogo don yanke hanya, da lungun da 'yan mata ke tsoron bi bayan magariba, da kangon da ake sayar da ƙwaya da maganin tari, yaro ne. Mu manya sai labari ya lalace yake iso mana.

Doka ma ba ta hana ba. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007. A watan Mayun 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Yaron da yake da 17 yau, baɗi zai yi rajistar zaɓe, bayan shekara takwas yana iya neman kujera. A ina zai koyi yadda ake karanta kasafin kuɗi ko rubuta wa kansila takarda? In ba mu koya masa ba, masu raba dubu biyu da riga mai hoto ranar kamfe suna nan suna jira. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye, shawarar da ake yi a sakatariya ta ƙara nauyi.

Abin da muke roƙo shi ne Sarki ya kafa majalisar a ƙarƙashin inuwar fada, kowace unguwa ta turo wakilanta, su zauna sau ɗaya a wata, ranar Asabar bayan la'asar don kada a taɓa karatu. Dattijo ɗaya da malama ɗaya su zauna da su, su saurara, su gyara in an kauce. Wa'adi shekara guda, kada wani ya mayar da ita gado.

Wurin zaɓen wakilai ne muka fi jin tsoro, shi ya sa za mu ɗan tsaya a kai. In aka bar abin yadda aka saba, 'ya'yan masu hali da suka iya Turanci ne za su cika kujerun. Muna so a sa yaron da ke taya fiɗa a abbatuwar Oko-Oba, da mai wankin takalmi, da mai tura baro a kasuwa, da ɗan jari-bola, da almajirin da ya sauko daga motar shanu bara bai san kowa ba. Su ne suka fi haɗuwa da kame da tara, su ne kuma ba su da mai yi musu magana. 'Yan mata kuwa a ba su rabin kujeru. Mun san wasu iyayen za su yi jim, shi ya sa muka ce da rana, a fada, gaban malama. Akwai maganar ban-ɗakin makaranta da ta talla wadda yarinya ba za ta iya faɗa gaban maza ba sai da wata babba a gefenta.

Sannan muna roƙon Sarki ya kai maganar gaban Shugaban Ƙaramar Hukumar Agege da takwaransa na Orile-Agege, tunda jama'armu na zaune a ɓangarorin biyu. A nemi a riƙa gayyatar wakilai biyu, namiji da mace, zuwa taron masu ruwa da tsaki, musamman lokacin shirya kasafi, kuma duk abin da suka rubuto a ba su amsa a rubuce, ko da "a'a" ce. In 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo suka shigo, ya fi mana. Tare suke buga ƙwallo, tare ruwa ke cin su. Sharaɗi ɗaya dai: ba tutar jam'iyya, ba kai su tarbar ɗan takara.

Kuɗi ba mu nema. Tabarma da littafin rubuta bayanan zama mun ɗauki nauyinsu. Muna roƙon a sa mana rana mu zo gaisuwa da yaran, Sarki ya ji daga bakinsu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, amin.

Naka masu biyayya,
Iyaye, malamai da matasan unguwannin Hausawa na Agege